Duwatsu Uku a Murhun Surukata

Ni ban yi karatu ba. Allo na riƙe shi shekara biyu ban wuce izu ɗaya ba, malam ya ce in koma in taya babana noma, zai fi wa kowa alheri. Boko kuwa sai da furfura ta fito na koya, saboda haka wanda ya ga rubutun nan kamar kaji sun yi dambe a kan takarda, ya yi haƙuri. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, kwanan baya na ga ana shafa wa bakin titi farin fenti wai wani babba zai wuce, sai na ji raina ya ɓaci kamar jiya abin ya faru. Ni farin dutse a bakin hanya ya taɓa cinye mini damina guda.

Masu lissafi sun ce a alif ɗari tara da ashirin da wani abu ne. Mu dai shekarar hanya muke ce mata. Garinmu a Damargu yake, kan hanyar ayarin da ke tashi daga Damagaram ya yi arewa, kuma a idonmu birni ne, tunda muna da kasuwa da mahauta da rijiya biyu, har mutanen Gangara da na Ollelewa suna zuwa cin kasuwarmu. Lokacin na ɗan haura ashirin, na yi aure damina biyu, ina da gona ɗaya gabas da gari wadda babana ya yanka mini, da jaki ɗaya da mutane ke cewa halinmu guda.

Tsohuwar hanyarmu ba ta yi wa kowa laifi ba. Tana kauce wa rumbun wannan, ta zagaye magaryar wancan, ta ratsa inuwar gawo, ta fita gari. Raƙumi bai taɓa kuka da ita ba. Sai aka kawo sabon kumandan bariki, Baturen da ke mulkin yankinmu, aka ce ya yi wa na sama da shi alkawari cewa mota za ta ratsa Damargu ba ta karkata ba. Ya tara majalisar manya, wato sarki da masu gari da liman da wasu attajirai, waɗanda aikinsu su zauna a tabarma, tafinta ya faɗi magana, su ce madalla. Mai garinmu ya tafi da niyyar maganar rijiyar yamma, wadda bakinta ya zube tun bara har saniya ta kusa zurmawa. Ya dawo ya ce ya faɗa, an kuma ji, za a sayo siminti daga cikin lanho, wato harajin da muka biya. Muka yi ta murna. Ranar da simintin ya iso a kan raƙuma muka bi shi da ido, ya zo daidai rijiya, ya wuce ta, aka sauke shi a bakin kasuwa.

Benci aka yi da shi. Wani magini ya zo daga Damagaram ya zuba shi, dogo, har da wurin jingina baya, a tsakiyar fili inda ko ƙaya babu, don gawon da ke wurin an riga an sare shi, wai ya tsaya a kan hanya. Tafinta ya ce a ƙasar Turawa haka ake yi, mutum ya zauna ya kalli masu wucewa. In hantsi ya yi ka ɗora jikinka a kansa, sai ka tuna lahira. Tsofaffi suka gwada sau ɗaya, suka koma suka shimfiɗa tabarma a ƙasa bayansa suna bin ƴar inuwar da yake yi. Mata ne suka gano amfaninsa, kuɓewa tana bushewa a kai cikin yini guda. Gefensa aka kafa wani dogon ƙarfe da fitila a bisa. An kunna ta ranar farko, daga nan ba a sake aiko kananzir ba, tsuntsaye suka yi gida a ciki.

Sannan aka ja igiya daga kudu zuwa arewa, duk abin da ta taɓa ya tashi, rumbu ne, darni ne, ko zaure. Da hanya ta miƙe sai umarni na ƙarshe ya zo. Kowane magidanci za a auna masa taku ashirin na hanyar, ya jera duwatsu talatin, sha biyar a kowane gefe, ya shafe su da farar ƙasa, ya riƙa sharewa.

Wanda bai san wajenmu ba zai ce dutse ai abin banza ne. Mu yashi muke da shi. Sai ka yi tafiyar yini da jaki zuwa wani tsauni kafin ka ga dutsen da ya kai kan mutum. Matanmu da curin yumɓu suke murhu, uku a ƙarƙashin tukunya, kowace shekara ya tsage a sake wani. Macen da ke da dutsen gaske a murhunta, ana labarinta a bakin rijiya. Yanzu ga shi an kawo abin nan an jera a ƙofar gidan kowa, an yi masa kwalliya, an ce kallo kawai za a yi.

Ni da jakina sawu huɗu muka yi. A sawu na uku ya zauna a tsakiyar hanya ya dube ni, ni ma na zauna na dube shi, babu wanda ya ga laifin wani.

Aka sa wani gardi, wato ɗan sandan bariki, dogon mutum mai jar hula, ba ɗan ƙasarmu ba, Hausarsa a karye. Kowace Juma'a da safe yana bin hanya da sanda yana ƙirgawa. Wanda aka samu da giɓi, kwana ashirin a aikin dole can arewa inda ake fasa hanya cikin tsauni. Da rani ne da mutum sai ya ce ya je ya sha wuya ya dawo. Amma bazara ta shigo, hadari ya fara leƙowa daga gabas. A Damargu in ruwan shuka ya sauka kwana biyu gare ka, uku in Allah ya so ka. Wanda ya rasa su ya rasa shekara, sai ya yi ta kallon rumbun maƙwabci.

Rabona ya faɗo daidai ƙofar gidan surukaina. Da farko har daɗi na ji. Na ce mutane za su ga ina share ƙofar iyayen matata kullum, su ce yaron kirki ne, alhali gardi nake tsoro.

Ba a yi mako biyu ba duwatsu suka fara tafiya da ƙafarsu. Kowa ya ɗauki gatari ya yi wa nasa shaida a ƙarƙashi, irin wadda gidansu ke yi wa dabbobi. Tamu zane uku ce kamar sawun zabo. Na yi wa talatin ɗin duka, na ce to, ɓarawo ya zo.

Wata Asabar da safe na fito da tsintsiya, na tarar da uku babu, jere da juna, ga gurbinsu a yashi. Wanda na fara zargi taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, wanda rabonsa ke manne da nawa, kuma tun muna yara ba mu taɓa faɗa wa juna magana mai daɗi ba. Na ce ya fito da su ko in fito da hanjinsa. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce in je in gaida surukata, ya ga na kwana biyu ban je ba.

Yaran yanzu da ke zama kujera ɗaya da surukansu suna shan shayi ba za su gane ba. Ni shekara biyu da aure ban taɓa kallon fuskar surukata Inna ba, ita ma ba ta taɓa kiran sunana ba. In na hango ta a hanya sai in faɗa cikin gona ko da ƙarangiya ce cike. In na je gaisuwa, tun daga nesa nake cire takalmi, in tsuguna a zaure kaina a ƙasa, ta amsa daga bayan darni. Ranar ma haka na yi. Sai dai darnin yana da wata ƴar kafa, idona kuma ba shi da tarbiyya. Na hango tukunyar tuwo zaune daram a kan duwatsu uku farare tas, ko hayaƙi bai gama taɓa su ba. Inna ta tambaye ni gida, ta tambaye ni aikin hanya, ta ce Allah ya yi albarka. Na ce amin. Na ɗauki takalmina.

Ina shiga gida na tarar da matata tana tankaɗe. Na ce, "Ke, duwatsuna ne a murhun Inna."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na sani, Malam. Ni na kama mata na ukun, ya yi mata nauyi."

Na tambaye ta, duk duwatsun da ke hanyar nan daga kudu har arewa, ba a ga na ɗauka ba sai nawa?

"To na wa kake so ta ɗauka? Na bare? So kake a ce uwata ɓarauniya ce? Naka ta ɗauka don kai ɗanta ne."

Na tsaya ina neman inda maganar ta karkace, ban samu ba. Har yau da nake tsoho ban samu ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Na ce ta je ta karɓo. Ta ce ita ba za ta iya buɗe baki ta ce wa wadda ta haife ta mijinta yana ƙirga mata duwatsu ba, in maganar ta kai bakin rijiya da wane ido za ta je ɗiban ruwa. Na yi tunanin Baba, surukina, amma shi nauyinsa ya ninka nata, tsoho ne mai ciwon gwiwa wanda ko tari ban taɓa yi a gabansa ba. Na lallashi taubashina ya je ya yi zancen ta gefe. Ya je, ya daɗe, ya dawo yana suɗe hannu. Ya ce murhun ya zauna sosai, dambun Inna ma ya ƙara daɗi, in bar baiwar Allah ta huta.

Mai hankali zai ce me ya hana ni komawa tsauni. Jakunan gari duka an kwashe su suna kai wa masu aikin hanya ruwa, har da nawa. A ka kuma dutse ɗaya ne sawu, yini zuwa yini dawowa. Wannan ita ce hujjar da nake faɗa wa mutane. Gaskiyar ita ce ƙiwuya, da kuma ganin na fi kowa wayo.

Na fara da na taubashina. Da tsakar rana, lokacin da gari ya yi shiru kowa ya shige inuwa, na ɗauke uku daga nasa na cike nawa. Washegari na tarar huɗu babu. Rana ta uku muka yi kiciɓis a tsakiyar hanya, kowa da dutse a cikin riga kamar mai ciki, muka gaisa, muka tambayi iyali, kowa ya juya ya mayar.

Sai Allah ya kai ni juji bayan gidan surukaina. Ga tsofaffin curin yumɓun Inna guda uku an watsar, girmansu daidai da duwatsuna, baƙi ƙirin da hayaƙin shekara. Na ce yawwa, ita ta ɗauki nawa, ni na ɗauki nata, ba wanda ya ci wani. Na dama farar ƙasa da ƙaro, na shafe su, na jera. Daga nesa ko ni ba na bambancewa. Kafin la'asar baƙin ya huda farin ya fito. Na sake shafawa. Da safe ya sake fitowa. Haka na koma shafa sau biyu a yini, kuma don kada a ga uku kawai nake wa hidima, sai in bi talatin ɗin duka.

Juma'a ta zo. Gardi ya tsaya a rabona ya daɗe yana kallo. Sai ya tara mutane, ya nuna ni da sanda, ya ce duk garin nan ni kaɗai na san darajar hanya, kowa ya yi koyi da ni. Mai gari ya sa aka yi shela a riƙa shafa kullum kamar yadda nake yi. Mako biyu babu mai amsa mini sallama da daɗi. Wani tsoho ya tambayi babana ko aikin bariki nake nema.

Ran Alhamis bayan azahar hadari ya haɗo. Duk gari aka fito ana duban gabas ana addu'a. Ina jin ni kaɗai ne manomi a Damargu da ya ga hadarin shuka ya ce a ransa, Allah ka bari sai jibi. Ba a bi tawa ba. Ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya har magariba.

Da gari ya waye kowa ya saɓa sungumi, mata na biye da ƙwaryar iri. Na biya ta hanya. Duwatsu ashirin da bakwai suna nan a wanke, tsakaninsu kuma tulin baƙar laka uku, har baƙin ya gangara ya shiga rabon taubashina. Na ce wa kaina gardi ba zai fito cikin wannan taɓon ba, muka wuce gona. Ina sara, matata na bina tana zuba iri tana rufewa da diddige, ƙasa lallausa tana ƙamshi. Ba mu yi layi goma ba dogarin mai gari ya zo ya ce ana kirana.

Na tarar da gardi ya soka sandarsa cikin tulin laka. Mutanen da ba su riga sun fita ba sun taru. Baba yana zaune a ƙofar zaurensa da carbi, gwiwar a miƙe, bayansa hayaƙin koko yana tashi daga cikin gida. Gardi bai yi mini faɗa ba, don har lokacin yana ganin ni ne mutumin kirkin garin. Ya ce ya san mata ne ke kwashewa, ya daɗe yana jiran ranar da zai kama. Tunda ina da shaida a ƙarƙashin duwatsuna, za mu bi gida gida a ɗaga kowace tukunya. Inda aka ga sawun zabo, maigidan nan ne zai tafi arewa, ni in koma shukata. Ya ce a fara da gida mafi kusa.

Babu wanda ya ɗaga kai. Duk wanda ke wurin ya san inda duwatsun suke, har akuyar da ke tsaye gefe.

Da zan so in rubuta cewa mutunci na tuna. Ƙarya ne. Gonata na tuna, da laimar da rana ke sha a daidai lokacin, da rumbun da na yi wa sabon jinka. Na buɗe baki da niyyar in ce to, mu je. Sai na hango kaina a zuci na shiga tsakar gidan Inna da takalmi, ina ɗaga mata tukunya a gaban gardi, harshena ya ƙi.

"Ranka ya daɗe, ba sai an shiga gidan kowa ba. Tun farko laka na jera. Ban ɗebo talatin ba."

Ya zare sandarsa daga laka. "Kai ka cuce ni? Kai da na yaba?"

"Ni ne."

Baba bai ɗago ba, ya ja carbi ɗaya ya ce Allah ya kyauta. Taubashina ya raɗa mini cewa in na ga masu kyau a can in taho masa da biyu.

Kwana ashirin na yi ina fasa dutse. Can dutse ne ko'ina, ka taka dutse, ka kwana a kan dutse, ba macen da ta kula shi. Duk sanda iska ta kawo ƙamshin ruwa daga kudu sai in ji kamar in jefi wani. Ranar da aka sallame mu na zaɓi uku mafi kyau, masu faɗin kai, don in cike giɓina kada a sake maido ni. Wani Buzu mai raƙuma ba kaya ya yarda ya ɗauko mini su, na ba shi hulata.

Na shigo gari kaina babu hula, na tarar hanya babu dutse ko ɗaya. Ashe ina can motar ta zo, sau ɗaya. Direba ya kauce wa raƙumi ya hau farin dutse, ƙafar mota ta fashe, kumandan ya yini a rana kusa da bencinsa. Nan take ya ce a kwashe duwatsun duka, itatuwa za a dasa a madadinsu. An ce kafin mai shela ya kai ƙarshen gari mata sun gama aikin. Kowane murhu a garinmu ya zama fari. Motar ban gan ta ba, sai sawunta aka nuna mini. Rijiyar yamma kuwa tana nan da bakinta a zube, sai bayan shekara biyu muka yi gayya muka ɗaure ta da itace kamar yadda kakanninmu suke yi.

Na wuce gona kafin in shiga gida. An shuka ta. Mutanen gidan Baba ne da taubashina suka yi, rana ta uku, bayan sun gama tasu, laima ta riga ta ja baya. Hatsin ya fito nan da can kamar kan mai makero. Na tsaya a tsakiya ban san ko godiya zan yi ko zagi ba, na yi duka biyun a hankali. Abin da muka girbe bai kai mu ƙarshen sanyi ba. Daga ranar da rumbunmu ya ƙare, kowace yamma akushi yana zuwa daga gidan Inna, a rufe, ba saƙo ba bayani. Ina ci ina ƙunƙuni, matata na cewa in ci a hankali, tuwon dutse ne, ya fi riƙe zafi. Babu wanda ya taɓa tayar da maganar, ni da su, har suka koma ga Allah.

Duwatsun da na sayo da hulata, matata ta kafa su a murhunta. Ba su yi wata ba Inna ta zo dubiya ba na nan. Da na dawo matata ta ce Inna ta yaba, ta ce waɗannan kansu ya fi faɗi, tukunya ba ta rawa. Na yi kamar ban ji ba. Ta sake faɗa da safe. Ta sake faɗa da azahar.

Na ɗora wa jaki, na kai su zauren surukaina, na cire takalmi, na tsuguna. Daga bayan darni aka ce Allah ya yi albarka. Na ce amin.

Da yamma aka aiko mana da tsofaffin, baƙi ƙirin. Na juya ɗaya, ga sawun zabona a ƙarƙashi. Washegari mai gari ya raba itatuwan kumandan, kowane magidanci ɗaya, ya yi masa ban-ruwa, wanda nasa ya mutu ya san sauran. Nawa aka dasa shi a tsohon rabona, ƙofar gidan Inna, ita kuwa awakinta bakwai.